Gurasar da Gwaggo Baraka take yi biyu-biyu

Kun taɓa gasa abin da sai bayan kwana arba'in da biyar za a kai shi baki? Gwaggo Baraka ta yi haka sau goma sha tara. Goma sha ɗaya daga ciki a gabana ta yi, ni ce mai cire mata ƙwallon dabino, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Gida ɗaya muka zauna a unguwar Utaibiyya ta Makka, taku bakwai ne tsakanin ƙofata da tata. An kawo ni gidan ina amarya shekara uku bayan babbar ambaliyar da ta shiga Harami, na tarar da ita tana dakau a gidajen Larabawa. Ba doguwa ba ce, hannuwanta sun yi kanta saboda taɓarya, ba ta kuma son yawan magana. Mutuniyar Rano ce. Ta baro gida da mijinta Malam Tijjani da goyon ɗan shekara ɗaya, suka yi shekara huɗu a hanya, su yi noma nan, su yi ƙwadago can, har suka iso Sawakin a bakin teku. A nan ƙyanda ta kama yaron, masu jirgi suka ce ba za su ɗauki mara lafiya ba. Sai Idris, ƙanin mijin, ya ce su haye, shi da matarsa za su zauna da yaron su biyo baɗi.

Ba su biyo ba. Idris ya sami gonar auduga a wani ƙauye kusa da Madani, ya zauna. Malam Tijjani ya rasu a shekara ta biyu, aka bar Gwaggo ba muharrami, ba takardar tafiya. Sau huɗu tana aika saƙo a kawo mata yaron. Sau ɗaya aka amsa, aka ce hanya da wuya, yaro kuma bai yi ƙwari ba.

Sunan yaron Awwalu, amma ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ɗan fari ne, ita kuwa mai alkunya ce ta gaske. Sai dai ta ce "wancan na Sudan". Ko da malamin unguwa yake rubuta mata wasiƙa, gaisuwar Idris da iyalinsa kawai take sa a rubuta. Abin da ta kasa faɗa, shi take kwaɓawa duk Babbar Sallah ta ba alhazai masu komawa.

A gidan da take dakau ta ga yadda ake yin ma'amul, ɗan cincin ɗin nan na Sallah mai dabino a ciki. Shi ta fara aikawa. Amma tun shekarar farko ta ɓullo da wata dabara: duk abin da za ta aika sai ta yi biyu, kwaɓi ɗaya, wuta ɗaya. Ɗaya ta tafi, ɗaya ta rataye a ragaya. Ta tambayi mutane da yawa, ta tsayar da cewa daga Makka zuwa ƙauyen nan kwana arba'in da biyar ne, har da jiran jirgi a Jidda da zaman karantina, inda ake killace alhazai don duba lafiyarsu. Ranar da kwanakin suka cika sai ta sauke ta gida ta duba. In ta gida lafiya, to ta can ma lafiya.

Ta ba ni labarin shekarun farko. Ma'amul ya marmashe, ya yi ɗaci a kwana goma sha biyu. Ta koma yin dunƙulalliyar gurasa da ƙwai, wannan kwana tara ta yi ta fara wari. Ta cire ƙwai ta sa madara, kwana goma sha huɗu. Ta cire madara. A shekara ta shida ta cire ruwa gaba ɗaya, ta soya gyadar da take sawa ciki sau biyu, ta sa aka gasa sau biyu. Wannan ce ta kai arba'in da biyar ba ko ɗigon fumfuna.

Ga yadda na tarar tana yi, na kuma ƙirga komai da kaina. Garin alkama mudu ɗaya. Busasshen dabino ɗari da ashirin, a cire ƙwallo, a daka rabi, a yayyanka rabi. Zabibi tafi huɗu. Lauz na Ɗa'ifa ƙwaya ɗari biyu, wato wata ƙwara mai kama da gyada amma ta fi ta tsawo da tauri. Gyada gwangwani ɗaya, riɗi rabin gwangwani. Man shanu soyayye ludayi uku, zuma ludayi biyu. Kanumfari tara, hel mai ƙamshin gahawa ƙwaya ashirin, a daka su tare. Man shanu da zuma da dakakken dabino ne kaɗai ke haɗa kwaɓin, don haka sai an sa ƙarfi. Mukan murza har kafaɗa ta sage. A raba biyu, a danne kowace a tire kaurin yatsa uku.

Ranar shida ga watan aikin hajji muke yi, kafin gari ya watse zuwa Mina. Mu ɗora tire a ka mu kai wa Hashimu mai furun, wato tanderun burodi, inda duk unguwa ke kai gashi. Hashimu haifaffen Makka ne, Hausarsa rabi Larabci, ba ya kuma rasa tsokana. Duk shekara sai ya ɗaga tiren ya yi kamar bayansa ya riƙe.

"Ya Hajiya, wannan gurasa ce ko tubali? In gini za ki yi ki faɗa mini, ina da mai yashi."

"Kai dai gasa," in ji ta. "Ba haƙoranka za su ci ba, guda nawa ma suka rage maka?"

Sai ya gasa da safe bayan an kwashe burodi, wuta ta lafa, ya fitar ta huce, washegari ya sake mayarwa. Bayan Sallah Gwaggo ta ɗinke ɗaya cikin farin yadi ninki uku, malam ya rubuta sunan Idris da na ƙauye a kai, ta shiga masaukan mutanen Sudan neman wanda zai bi ta Madani. Wata shekara ta samu a kwana ɗaya, wata shekara sai ta yi mako tana yawo. A shekarun yaƙin duniya sau biyu ba ta sami kowa ba.

Ranar cikar arba'in da biyar ita ce ranar da na fi ganin fuskarta a sake. Ta sauke ta ragaya, ta yanka, ta sansana, ta raba wa ɗakuna shida na gidanmu. Tana miƙo mini nawa sai ta ce yau ana ci can. Amsar gurasar ba ta taɓa zuwa ba, amma ita ta riƙe cewa mutanen gona ba su da lokacin wasiƙa.

A shekara ta goma sha tara, kwana ɗaya bayan an dawo daga Mina, da hantsi, wani dogon mutum ya yi sallama yana tambayar matar Malam Tijjani na Rano. Gurasar tafiya tana ɗinke a kan tabarma, ba a riga an sami mai kaiwa ba. Gwaggo ta dube shi sau ɗaya, ta ja mayafi ta juya fuskarta wajen bango. Ta ce a ba baƙo ruwa.

Awwalu ne. Shekararsa ashirin da huɗu, da mata da 'ya'ya biyu a can. Ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, amma Hajiya ya ce mata. Da ya ce Inna tana gaishe ta, matar Idris yake nufi. Ita ta amsa a taƙaice ta shige ɗaki ta saki labule. Can ta kira ni, ta yi ƙasa da murya.

"Rumasa'u, tambaye shi ko saƙo yana isa. Tambaye shi ko yana ci."

Na fito da sauri, don ni ma na ƙagu in ji. Ya yi ɗan tunani, sannan ya tambaye ni ko ƙullin nan mai kore nake nufi. Ya ce yana tuna guda bakwai da suka iso. Na ƙirga a raina: goma sha shida aka aika. Ya ce duk bakwai ɗin a jiƙe suka zo, in an farke yadin sai a ga fumfuna ta lulluɓe su kamar gashi. Alhazan da suka kawo sun ce a karantina ana zuba kayan mutane cikin tururi don kashe cuta, daga nan kuma a ɗaure kaya da danshinsu a ci gaba da tafiya. Baba Idris bai yarda a zubar da abin da ya fito daga Makka a juji ba, sai ya sa a haƙa rami a bayan gida a binne.

Na ce to bai taɓa ɗanɗanawa ba ke nan. Ya ce ko sau ɗaya.

"Ina yaro na ɗauka ragowar abincinku ne kuke aiko mana," in ji shi. Ba da fushi ya faɗa ba, har da ɗan murmushi.

Labulen yadi ne mara kauri. Ban shiga na maimaita mata ba.

Ni ba na iya zama in ga abu ya lalace ban taɓuka komai ba. Na sauke ta ragaya, na yanko babban yanki na ajiye masa. Ya ci loma uku, ya ce da daɗi, sai dai zaƙin ya yi masa yawa, yana kuma fama da haƙori. Ya yi godiya ya ture kwanon. Da na shiga ɗaki Gwaggo tana zaune ta miƙe ƙafa, ta tambaye ni loma nawa. Na so in ce bakwai. Na ce uku. Sai ta ce ita iskar Makka ta gwada, ta manta cewa hanya ba Makka ba ce.

Kwana tara ya yi a garin, ya zo gidan sau huɗu. Ya ce ta bi shi, ta aiko ni in ce masa ƙafarta ba za ta iya ba, takarda ma babu. Ta sa na tambaye shi ko zai zauna zuwa baɗi, ya ce auduga ba ta jira. Kafin ya tafi na kai gurasar tafiya wurin mai gyaran gwangwani a kasuwar Zahir, ya saka ta a gwangwanin man shanu wankakke, ya liƙe murfin da dalma. Na nutsa shi a bokitin ruwa, na ƙirga ɗari uku, ko kumfa ɗaya bai fito ba. Wannan ya tafi da ita. Ko ta isa, ko 'ya'yansa sun ci, har yau ba mu ji ba.

Da shida ga watan aikin hajji ya zagayo na tanadi dabino da lauz na kai ƙofarta. Ta fito da tiren nan biyu ta ba ni, ta ce hannunta ya gaji. Ba ta sake kwaɓawa ba. Ta rasu shekara biyu bayan haka, da rani, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya.

Ni nake yi yanzu, ban rage ko ƙwayar hel ɗaya ba. Sallah ta kusa, ku gwada ta a gidajenku. Kada ku sa ruwa ko da kwaɓin ya ba ku wuya, ku gasa sau biyu a wuta mara ƙarfi. In kuma nesa za ta tafi, don Allah ku liƙe ta a gwangwani, ku roƙi mai kaiwa ya tsaya a buɗe a gabansa.