Mun Je Gaida Baƙon Iya

Butar shayi ce ta jawo komai. Ta yi fito a kan gawayi, sai uwar mijina, Iya Falmata, ta ɗago kai ta ce muryar baƙonta ce. Wani tsuntsu take nufi, mai dogon baki lanƙwasasshe, da yake sauka a garinsu na bakin tafkin Chadi bayan damina. Tun ranar ta daina cin abinci sosai. Ta ce garinsu za ta koma ko da ƙafa, alhali har yau ba mai kwana can lafiya. Wani manomin tattasai ya ce ya ga irinsa wajen Assaga, na roƙi maigida ya bar mu mu je.

Diffa zuwa Assaga

Muna idar da asuba muka shiga tasha, ni da Iya da 'yata Fanna. Direba ya ba Iya gidan gaba. A bariyal, wato shingen bincike, jandarma ya leƙo.

"Iya, ina zuwa?"

"Gaida baƙo, ɗana."

"Daga ina ya zo?"

"Daga bakin teku. Bai taɓa faɗa mini garinsu ba."

Fuskarsa ta canza. "Yana da takardu?"

Sai da na ce masa tsuntsu ne. Ya daɗe yana dariya, ya ce mu dawo kafin la'asar.

Bakin Komadugu

Daga kwalta amalanken shanu muka hau zuwa bakin kogin. Ruwa ya cika, ya kwanta kamar ba ya tafiya, hazo na tashi a kansa. Muka zauna gindin tsamiya har hantsi. Balbela kawai. Ina ta salati a zuci.

Can tsuntsun ya sauko shi kaɗai, launinsa ruwan ƙasa, da zane a ka, yana caka baki cikin laka a hankali. Idon Iya ba ya kai nesa, sai da ya tashi ya jero fitonsa ta ji. Ta yi masa magana da Barbarci, doguwa, murya ƙasa-ƙasa. Ban tambaye ta abin da ta ce masa ba.

Gida

Mun iso da azahar lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Ina tuƙa tuwo Fanna ta zo ta rungume ni ta baya.

"Mama, Kaka ta ce a nemo mata irin tattasai. Wai bayan ɗakinta za ta shuka."