Baƙin da Suke Sauka a Gawo

Shekarun baya, lokacin da Turawa ba su daɗe a ƙasar Dutse ba, wani Bature mai awon ƙasa ya yi mini tayi. In na kai shi inda zai ɗauki hoton wasu ƙananan tsuntsaye, jakunana shida za su yi masa dako har Kano. Kwana uku ya ba ni. Gilasan ɗaukar hoto uku suka rage masa, kowane gilashi hoto ɗaya.

Ni ɗan kasuwa ne, abin da mai saye yake so har gida nake kai masa. Na kafa tarko a rafin kurmin da ke hanyar Kiyawa, na cika kwando, na dire a gabansa ina jiran yabo.

Fuskarsa ta yi ja. "Sake su. A kan reshe nake so."

Washegari muka yi ta bin su da akwatin hoto mai ƙafa uku. Da mun matso sai su tashi. Gilashi biyu suka ƙare a kan ganye.

Wani tsohon Bafillace da ke shayar da shanu ya gaji da kallonmu.

"Kaɗo, jangalin tsuntsaye kuka zo karɓa ne?"

"Baffa, in da dabara, a taimaka."

"Ku daina yawo. Da rani gawo ne mai ganye, ƙwari suna ciki, can suke kiwo. Kuma ba sa tsoron saniya."

Rana ta uku ya kifa wa Baturen malafarsa, ya zaunar da mu a tsakiyar shanu ƙarƙashin gawo. Daga hantsi har azahar ko ƙuda bai yarda mu kora ba. Sai ga ɗaya ya sauka dab da mu, ruwan ganye, da farin layi a kan ido, yana tsinto ƙwari kamar mai zaɓen tsakuwa a gero. Bature ya danna.

A hanya Baturen yake gaya mini daga ƙasar Turawa tsuntsayen suke zuwa, sai sun ƙetare teku da hamada. Ni Kano ma ba na zuwa sai da guzuri da abokan tafiya.

A Kano ya nuna mini hoton: reshe, ƙahon saniya, da ɗigon da bai fi ƙwallon dabino ba.

Na rasa cin kasuwar Kiyawa ɗaya, na samu dakon. Tsohon kuwa ko goro ya ƙi karɓa, malafarsa kawai ya ce a ba shi. Tun ran nan ba a kafa tarko a gawon gonata. Tsuntsayen nan fatake ne, kuma sun fi ni nisan zango.