Ramin Kuza na Baffa

Shekarar da na bar aiki na ƙudurta sai na yi kiwon kifi, ni da ban taɓa kiwon ko kaza ba. Can saman gari, inda rafin unguwarmu yake tasowa, akwai tsohon ramin haƙar kuza da ya zama kududdufi, a gefen lambun Baffa, ƙanin mahaifina. Na roƙe shi, na zuba 'ya'yan tarwaɗa a ciki.

Da damina ta kankama na gano halin tsohon. Duk ranar da gari ya yi sarari, sai ya ɗauki fartanya ya buɗe wata 'yar magudana a bakin ramin, ruwa ya yi ta tsiyaya har ya ja baya sosai. Kifina kuwa su bi shi. Na danne zuciyata sau biyu, na uku na kasa.

"Haba Baffa, wa yake zubar da ruwa da gangan? Kifina fa kuke sallama!"

"In na bar shi cike, na gobe ina zai zauna?" in ji shi. "Uwarka a gangare take."

Na tafi ina ƙunƙuni. Gaskiya ne Inna tana unguwarmu ta Ali Kazaure, ɗakinta ginin ƙasa ne, bayansa a bakin rafin, ga ciwon gwiwa ya hana ta sauri. Amma a lokacin kifina kaɗai nake gani.

Wata rana a tsakiyar damina aka tsuge da ruwa tun hantsi har la'asar. Ina fake a shagon wani tela a unguwar Kwararafa, hankalina ya ƙi kwanciya, na fita a guje cikin ruwan. Na tarar rafin ya yi jawur, yana dukan gindin katangar Inna. Na tsaya ina kallonsa. Bai hau ba. A hankali ma ya fara sauka. Da na shiga, tana zaune bisa gado, ta rufe ni da faɗa wai na jiƙa mata tabarma. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba.

Washegari na haura lambun. Ramin ya cika maƙil, duk ruwan da zai afka mana a lokaci ɗaya yana kwance a ciki. Baffa na tsaye, taɓo har gwiwa. Kafin in gama gaishe shi ya jefo min tambaya.

"Ɗakin fa?"

"Yana tsaye, Baffa."

Ya ce alhamdulillahi, ya nemi dutse ya zauna.