Buzun Kakana Ya Dawo Daga Wida

Shekara biyu da suka wuce, duk Zongon Parakou babu ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, da ya kai ni baki. Shekarata goma sha biyar, ba ƙarfi, ba ƙoƙari a aji, amma in na fara labari har mushenmu, wato malaminmu, sai ya juya fuska ga allo ya yi dariyarsa a ɓoye. In akuya ta bi ni a unguwar Titirou, kafin in isa gida ta zama zaki. Na rubuto muku ne in faɗi abin da bakin nan ya jawo, ko na ji sanyi a raina.

Da hutu ya zo, mushe ya ɗebe mu, mu shida, zuwa kudu, mu ga teku, mu taka bakinta da ƙafa daga Kwatano zuwa Grand-Popo, kowa da jakarsa a baya. Kakana da ke Djougou, tsohon falken goro ne, da ya ji sai ya rubuta mini wasiƙa da ajami zuwa ga mai masaukinsa na Wida, garin da ke kan hanyarmu. Ya ce a gidan mutumin yake sauka tun ba a haifi babana ba, har buzunsa na salla da butarsa suna can a rataye suna jiransa. Ya ja kunnena ya ce in na shiga gidan in ajiye bakina a ƙofa tare da takalmi.

Mun sauka daga jirgin ƙasa, muka kwana a ɗakin kwanan wata lakwal a Kwatano, washegari muka kama rairayi. Wanda bai taka rairayin teku da kaya a baya ba bai san wahala ba. Taku ɗaya gaba, rabi baya. Kwana biyu muna tafe tsakanin itatuwan kwakwa da ruwan da ba ya daina ruri, muka kwana a ajin wani ƙauyen masunta, sannan muka shiga Wida da la'asar, ƙafafu sun kumbura, ciki kamar an share shi da tsintsiya.

Mai masaukin tsoho ne siriri, yana ɗingishi. Ya karanta wasiƙar, ya sumbace ta, ya ce jikan amininsa jikansa ne. Mu bakwai muka faɗo masa ba sanarwa, amma ya fitar da shimfiɗarsa ya bar mana ɗakinsa. Aka kawo tuwon masara da miyar ƙananan kifi. Gaskiya bai ishe mu ba. Shi kuma ya zauna gefe yana kallon akushin har muka siɗe.

A Grand-Popo muka sauka a wani gidan baƙi cike da direbobi da fatake. Da hantsi ana shan shayi a tsakar gida, wani ya tambaye ni ina muka kwana a Wida. Nan shaiɗanina ya motsa. Na ce an ba mu kifin da sai ka sa tabarau kake ganinsa, ido biyu ne kawai da jela. Na ce kuɗin cizon ɗakin sun ɗauke ni cak sun kai ni bakin ƙofa. Na ce tsohon yana ƙirga lomarmu, maƙogwaronsa na hawa da sauka. Na tashi na kwaikwayi ɗingishinsa. Wani direba ya ƙware da shayi yana cewa yaron nan zai kashe shi. Suka tambayi sunan gidan, na faɗa. Suka tambayi ni jikan wane ne, wannan ma na faɗa, da alfahari. Mushe yana kasuwa, babu mai tsawata mini.

Wata biyu da dawowarmu Kaka ya aiko in je Djougou. Na same shi a zaure, gabansa buzu a naɗe da tsohuwar buta da wasiƙar nan. Wani falke ne ya kawo su, ba tare da saƙon baki ko ɗaya ba. Ashe labarina ya shiga mota ya zaga. Yara a Wida suna bin tsohon suna ɗingishi suna tambayarsa kifi, fatake kuma sun fara wuce ƙofarsa zuwa wasu gidaje. Na jira bulala, ba ta zo ba. Kaka ya ce kawai in ɗauki jakata.

Da muka isa Wida, tsohon ya gaishe mu kamar babu komai. Ya sa aka yanka agwagwa biyu, aka cika akushi har murfi ba ya zama, aka ajiye a gabana ni kaɗai. Ya ce in ci, ɗan nan, in ƙoshi sosai, don in samu labarin da zan bayar a gaba. Wallahi daga lomar farko na tsame hannuna. Matarsa ce ta ja ni gefe ta gaya mini cewa tuwon ranar nan abincin darensu ne aka juye mana, kuma kallon da yake yi, fargaba yake kada ya kasa mana. Na durƙusa ina kuka, ya dafa kaina ya ce ya yafe, yaro ne. Amma da Kaka ya miƙa masa buzun, sai ya ce ƙusar da ake rataye shi ta cire. A gidan maƙwabci aka yi mana shimfiɗa.

Kaka bai sake zuwa kudu ba. Buzun yana zaurensa, bai taɓa shimfiɗa shi ba, ni kuma duk zuwana Djougou sai idona ya faɗa kansa. Har yanzu ina ba da dariya, hali ba ya fita rana ɗaya, amma yanzu kaina nake yi wa. Na gane cewa mai dariyar labarinka gobe ya manta ka, wanda aka yi dariyar a kansa shi ke kwana da ita. 'Yan uwana masu son yawo da jaka a baya, duk gidan da aka buɗe muku, wani ne ya yi shekara da shekaru yana gina wannan yarda. In za ku ƙara gishiri, ku ƙara a kan rairayi da kumburin ƙafarku. Wanda ya ba ku tuwonsa ya kwana da yunwa, ku bar sunansa lafiya.