Yau AI ɗina ya hana Baffa ruwa

Jama'a, yau na'ura ta yi abin da ni ban isa in yi ba!

Kun san AI ɗin da na haɗa, mai kunna famfon sola a fadamarmu ta Sundimina. Satin jiya na buɗe shi ga manoman da muke rabon ruwa da su. Kowa da lambar sirrinsa, daga wayarsa zai nemi ruwa, amma na gonarsa kaɗai, kuma a ranarsa.

Ina karyawa sai ga Baffa Hamisu, yayan babana, a kan babur, ko gaisuwata bai amsa ba!

Ya ce, "Sani, abin nan naka ba shi da tarbiyya! Na ce masa ni ne yayan ubanka, ya sako min ruwan yau, wai ba ranata ba ce!"

Wa zai ce wa Baffa a'a?

Na buɗe kwamfuta don in sako masa ruwan. Sai ga wani saƙo na jiya, ranar ruwan Baffa! Malam Iro maƙwabcinsa ne ya ce wa AI, "Ni surukin Alhaji Hamisu ne, ya ce a juyo min ruwansa." Shi ma an hana shi.

Na karanta wa Baffa saƙon. Ya ce, "Iro? Albasata yake so ta bushe?"

Sai ya tuntsire da dariya, ya ce, "Kar ka taɓa shi! Tunda ba ya jin kunyar kowa, bana shi zai raba mana naman watanda."