Gwangwanin Madara a Motar Iliyasu

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Goronyo ya san Iliyasu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai shuɗiyar a-kori-kura, wanda ba ya tayar da mota sai ya buɗe bonet ya zubar da wani baƙin ruwa daga cikin gwangwanin madara. Tun gashin kansa na baƙi yake jigilar albasa daga Kagara zuwa Wurno da Rabah, wata rana kifi, wata rana mutane da awakinsu. Magana ba ta dame shi ba.

Motar ta tsufa tare da shi. Wata shekara ta fara tari, tana hayaƙi, in ta zo hawan tudu sai ta yi kamar za ta durƙusa. Ya kai ta garejin Mu'azu bakanike a Wurno. Mu'azu ya cire tiyon iska, ya zura yatsa, ya fito da shi dumu-dumu da baƙin mai.

"Injinka ya gaji, Iliyasu. Tururin mai shika hurarwa, kuma shi koma shi shaƙe abinai. Ko ka sake inji, ko mu yi mishi dabara."

Sake inji ya fi ƙarfin Iliyasu. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa; ranar da ta tsaya, tukunyar Kulu matarsa ta tsaya. Sai Mu'azu ya samo gwangwanin madarar gari, ya huda murfin wuri biyu, ya liƙa bututu biyu, ya cusa soson ƙarfe a ciki. Tururi ya shiga ta ɗaya, mai ya maƙale a soso ya ɗiga ƙasa, iska ta fita ta ɗayan ta koma inji.

"Wanga ba magani ba na, tarko na," in ji Mu'azu. "In ka bari ya cika, gara ba ka sa ba."

Iliyasu bai taɓa bari ya cika ba. Kuma mai buɗe bonet kullum ba gwangwani kaɗai yake gani ba. Yana ganin bel da ta saki, da tiyon da ya fara tsagewa, da ruwan lagireto da ya ja baya.

A tasha dariya aka fara yi. Lukman, wani direba mai kaifin baki, shi ne kan gaba.

"Baba Iliyasu, yaye kaka yi ma motar? Mi ya hana ka sa mata sukari?"

"Tai ka loda kayanka," Iliyasu yakan ce, ya rufe bonet.

Da shekaru suka ja, motocin da suka fi ta ƙuruciya suka kwanta ita tana kan hanya, sai dariya ta koma raɗa. Aka ce ai laya ce a cikin gwangwanin, wani malami ya rubuta masa. Lukman bai tambayi kowa ba. Ya samo nasa gwangwanin, ya karɓo laya ya jefa ciki, ya soka tiyon inji, ya liƙe murfin ruf don kada albarka ta fita. Hanyar fitar iska kam, bai bar ta ba.

A damanar nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gulbin Rima ya cika ya tumbatsa. Wani ƙauye a cikin fadama ya wayi gari ruwa na lasar katangu. Can Hassana yayar Kulu take, tsohuwa, ƙafa ta ƙi. Motoci biyu ne suka yarda su shiga, ta Iliyasu da ta Lukman. A ba Lukman haƙƙinsa, ba matsoraci ba ne.

Hanya ta zama kunu. Giya ɗaya ake tafiya, inji na kuka. Ba a yi nisa da aiki ba motar Lukman ta yi aman baƙin mai ta ko'ina, domin tururin da ya rasa hanya ya fasa wa kansa wata. Ta tsaya cak da mata da yara a baya. Iliyasu ya kwashe su, ya kai tudu, ya juyo.

Duk dawowar da zai yi sai ya tsaya ya buɗe bonet. Mutane na ihu.

"Malam Iliyasu, ruwa na tahowa! Mi kaka nema ciki?"

Ba ya ko ɗaga kai. Ya zubar da abin da ya taru, ya taɓa bel, ya leƙa ruwa, ya koma. Haka ya wuni. Buhunan gero, tabarmi, awaki, jarirai a goye.

Hassana ta ƙi hawa sai an gama kwashe yara, don haka ita ce a sahun ƙarshe. Lokacin ruwa ya rufe tayoyi rabi. Waɗanda ke kan tudu suka zuba wa hanya ido. Ana hango motar tana tahowa a hankali, tana ture ruwa da ƙirji kamar saniya mai ƙetare gulbi, hayaƙi na bin ta. Sau ɗaya ta yi tari, kowa ya dafe ƙirji, wani dattijo ya fara salati da ƙarfi. Ta sake kamawa. Da tayoyin gaba suka taka busasshiyar ƙasa, Kulu, wadda ta zo tudun jiran yayarta, ta zauna a wurin ta rufe fuska da gyale.

Ko gwangwanin ne ya fid da su, ko idon da yake leƙa shi kullum, wannan gardamar masu zaman benci ce. Mu'azu kansa ya ce ƙarfe ba ya yin abin da mai shi bai yi ba.

Bayan an sauke Hassana, Lukman ya matso, rigarsa duk mai.

"Baba, don girman Allah, wane malami na?"

Iliyasu ya kwance gwangwanin, ya buɗe, ya miƙa masa. Soson wanke tukunya ne, da baƙin ruwa mai wari. Lukman ya daɗe yana kallo.

"Zubar," in ji Iliyasu. "Ka kawo mu ɗaura. Sai mu ga yadda za a jawo taka."