Kabo Mai Gyaran Gwiwar Mota

Duk direban da ya taɓa keta rairayin bayan Makka a shekarun sittin, in ka ce masa Kabo, kafin ka rufe baki zai ce, "Mai gwiwa?" To, shi ɗin. Bahaɗeje ne, ɗan gidan maƙera, gajere mai faɗin kafaɗa. Ya baro gida yana saurayi da niyyar hajji, ya yi shekara shida a hanya, huɗu daga ciki a Sudan, inda ya fara shiga ƙarƙashin mota. Ya iso, ya sauke farali, komawa ta gagara. Takardar zama kuwa bai taɓa riƙe ta ba.

Abin da ya riƙe shi warshar Ja'afaru ce, wato garejinsa, a unguwar Shisha, wani fili da aka kewaye da kwano, ƙasansa duk yashi da baƙin mai. Ja'afaru haifaffen Makka ne, jikan wani alhajin Kano, Hausarsa rabi Larabci. Duk sanda masu duba takardu suka leƙo, sai ya nuna Kabo da haɓa ya ce, "Wannan na gidanmu ne," su wuce. Wato warshar nan ita ce tuwon Kabo, ita ce kuma inuwarsa.

Bari in gaya muku mece ce gwiwa. Motocin da ke ja da ƙafa huɗu, irin su Landiroba, a bayan kowace tayar gaba akwai wani ɗan ƙarfe mai kai huɗu. Shi ke sa taya ta ci gaba da ja ko an karya kan mota. Larabawan kanikawa na kiransa saliba, wato gicciye. Kabo ya ce shi bai tako daga Haɗeja zuwa Makka don ya wuni yana ambaton gicciye ba, ya sa masa gwiwa. Tun ana dariya har direbobin Larabawa suka koma cewa "gi-wa".

Kayan aikinsa kusan duk shi ya ƙera abinsa, suna cikin wata jakar fatar akuya da ta sha mai har ta yi baƙi. Akwai guntun bututun ruwa da ya daka bakinsa ya zama sifanar kwance babban noti. Akwai awartakin maƙera da ya goge bakinsa ya yi siriri kamar tsinke, da shi yake zaro zobban da ke kulle gwiwa. Ga 'yar guduma, ga sandar tagulla da yake ɗora wa ƙarfe kafin ya buga, don a cewarsa ƙarfe ba ya yafe wa ɗan'uwansa duka. Afrita kaɗai, wato jak ɗin ɗaga mota, ita ce ta Ja'afaru.

Sai dai wahalar aikin ba a duka take ba. Kowane kai na gwiwar yana da ɗan kofi kamar murfin kwalba, a cikinsa an jera allurai na ƙarfe a tsaye, ishirin da takwas, giris ne kawai ke riƙe da su. Zafin Makka kuwa ba ya barin giris ya tsaya. Kana buɗe sabuwar gwiwa sai ka tarar allurai sun zube. Dole a wanke su da kananzir, a sake jera su ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ta ɓace, ko ta kwanta a gindin kofi aka buga a haka, motar za ta fita lafiya lau, sai ta yi nisa cikin rairayi da kaya a bayanta sannan gwiwar ta ci kanta.

A 1963 yanar ido ta fara rufe wa Kabo idon dama. Kafin shekara ta zagayo na hagu ya bi sahu. Yana ganin mota, yana ganin mutum kamar ta bayan labule, amma allura ta fi ƙarfinsa. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa Rumasa'u, 'yar Damagaram, wadda ke soya ƙosai a ƙofar ɗakinsu a unguwar Ka'akiyya.

"To, Malam, ka gaya wa Ja'afaru mana," in ji ta. "Shekara goma sha huɗu kuna tare."

"In gaya masa me? Cewa makaho ke ɗaura wa mutane ƙafar mota? Rannan zan dawo miki gida gaba ɗaya, ke da ba ki son ganina da rana."

"Wa ya ce ina son ganinka da safe ma? Miƙo mini gwangwanin madarar can."

Haka suka tsara. Kwancewa da bugawa da ɗaurewa, hannun Kabo ya san hanyarsu ko babu ido. Kofunan kuwa sai ya zuba a gwangwanin madara ya tafi da su gida. Da hantsi, kafin ta ɗora kasko, Rumasa'u za ta baza alluran a kan faifai kamar mai tsintar shinkafa, ta jera su da tsinken tsintsiya, ta ajiye gwangwanin a gindin randa giris ya yi ƙarfi. Direbobi kuwa ya kafa musu doka: gwiwa sai ta kwana. Wasu suka ɗauka sirrin maƙera ne, har suna faɗa wa juna a asirce. Kusan shekara biyu aka yi a haka, ko mota ɗaya ba ta dawo ba.

Ranar bakwai ga Zulhajji ta 1965, da hantsi, sai ga Idris ya shigo warsha, motarsa na ƙwas-ƙwas ta gaban hagu. Bakatsine ne, shi ke jigilar durom-durom na ruwa zuwa tantunan Arfa ta hanyar rairayi, shi da Kabo kuwa ba sa haɗuwa sai an yi tsiya, irin ta Katsinawa da Haɗejawa.

"Bawana! Fito ka gaida ubangidanka, gwiwarsa ta sage."

"Bakatsine da son banza, ka loda mata abin da ya fi ta. Ajiye, gobe ka dawo."

"Gobe? Jibi Arfa fa! Mutum ɗari biyu ke jiran ruwan nan, yau sawu huɗu zan yi."

Ja'afaru ya fito da sabuwar gwiwa a takarda. Shi Ammi yake kiran Kabo, wato baffa. "Ya Ammi Kabo, yau ba kwana. Yalla, a nan, yanzu. Na ba shi kalma."

Kabo ya jawo jakar kayan aikinsa. Ya sa afrita, ya cire taya, ya kwance notin, ya zaro sandar da ke ɗauke da gwiwar. Zobba huɗu suka fita, tagulla da guduma suka fitar da tsoffin kofuna. Duk wannan bai kai shan shayi biyu ba. Sannan ya zauna a kan tabarma, ya buɗe sabuwar. Alluran sun zube kamar kullum.

Ya sunkuya kamar mai dubawa, alhali yatsunsa ne ke duba. Ya dangwali giris, ya lalubi allura, ya jingina ta da bangon kofi, ya lalubi wata. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Kofi ɗaya ya cika, na biyu, na uku. Idris na ta zuba, yana ba da labarin wani alhaji da ya sha ruwan radiyeta. A kofi na huɗu Kabo ya zagaya da ɗan yatsa, ya ji giɓi. Ya shafa kwanon kananzir, babu komai.

Ba wanda ya lura. Da ya kifa kofin ya buga, da shi ke nan, Idris ya tafi yana yi masa tsiya. Wataƙila gwiwar ta kai bayan salla. Wataƙila kuma ta tsaya gobe da azahar a tsakiyar rairayi, ruwa a baya, mutane a gaba. Ya riƙe gudumar har sai da Ja'afaru ya ce, "Ha, halas? An gama?"

Sai ya ajiye ta. "Saura ɗaya," in ji shi.

Ya durƙusa ya fara shafa tabarma, daga nan ya gangara yashi, yana tankaɗe shi tsakanin yatsu. Idris ya fashe da dariya. "Kai Bahaɗeje, wasa kake? Ga ta nan a bayan hannunka!"

Tana nan kuwa, manne da giris a bayan hannunsa na hagu, tana ƙyalli a rana, tazarar taƙi ɗaya da fuskarsa. Kabo ya ɗaga hannun ya kalla. Ya juya shi ya sake kallo. Sannan ya kai ɗaya hannun, ya fara lalube daga wuyan hannu.

Dariyar Idris ta yanke. Ja'afaru ya tsuguna, ya ciro allurar, ya sa ta a giɓin da kansa.

"Tun yaushe, ya Ammi?"

"Shekara biyu."

"Wa ke jerawa?"

"Mai ɗakina."

Ja'afaru ya yi salati a hankali. Kabo ya ƙarasa aikin, motar ta fita, ta yi Arfa lafiya. Idris bai gaya wa kowa ba, ya rantse, kuma na yarda da shi. Amma warsha ba ta da rufi, a ranar akwai direbobi uku a inuwar katanga.

Bayan salla motoci suka fara wucewa warshar gaba. Ja'afaru ya jure wata biyu. Ran nan ya kawo Kabo har Ka'akiyya a motarsa, da buhun shinkafa, yana magana yana kallon sitiyari. "Sāmihni, ya Ammi. Ka yafe ni. Ina da yara."

Daga ranar Kabo bai ƙara nisa da lungunsu ba, don yanzu babu mai cewa na gidansu ne. In an ji masu duba takardu sun shigo unguwa, Rumasa'u ta ja shi ɗaki ta rufe, ta koma bakin kaskonta. Sana'ar da ta rage masa wasa wuƙa ce. Mahauta kan aiko masa da nasu gab da layya, ya zauna da dutse da ɗan ruwa, yana gwada kaifi da babban yatsa. Aikin mako guda ne a shekara. Sauran kwanakin yana zaune bakin ƙofa, ya juya kunne wajen titi.

Ya yi layya uku a haka. Ya rasu a watan Safar, ana zafi, mutum bakwai suka ɗauke shi. Ja'afaru bai ji ba sai bayan kwana tara.